Babi na Bakwai: Rigakafin Kare da Kyanwa, Na Dole da Na Zaɓi

Shekaru masu yawa, a Turai da Amurka, tambayar sau nawa za a yi wa kare ko kyanwa allurar rigakafi ba ta da wuyar amsawa. Sau ɗaya a shekara, kowace shekara, har dabba ta mutu. Asibitin dabbobi kan aika wa mai kare takardar tuni, ya kawo shi, a zuƙe abin da ke cikin kwalba a soka masa, a ce sai baɗi. Kamfanonin da ke yin alluran ma abin da suka rubuta a jikin kwali ke nan. Sai dai abin da kamfani ya gwada shi ne ko allurarsa tana kai shekara guda tana aiki. Da ya ga ta kai, sai ya tsaya nan ya rubuta shekara ɗaya. Abin da ke faruwa a shekara ta biyu da ta biyar, babu wanda ya damu ya duba.

Abu biyu ne suka girgiza wannan al'ada. Na farko binciken Farfesa Ronald Schultz na Jami'ar Wisconsin da abokan aikinsa, waɗanda suka daɗe suna bibiyar karnukan da aka yi wa allura ba a sake yi musu ba. Sun tarar cewa garkuwar da jiki ke samu daga alluran manyan cututtukan kare tana kai shekara 7, wani lokaci ma ta wuce haka. Na biyu ya fi tayar da hankali. A 1991 wasu likitoci biyu a Jami'ar Pennsylvania, Mattie Hendrick da Michael Goldschmidt, suka ja hankalin 'yan uwansu ga wani mugun ƙari, nau'in ciwon daji, da ke fitowa a jikin kyanwoyi daidai inda aka saba yi musu allura, wato tsakanin kafaɗu. Kyanwoyin da yake kamawa 'yan kaɗan ne ƙwarai, amma wadda ya kama da wuya ta warke, domin ko an yanke shi yakan dawo. Nan likitoci suka fara tambayar kansu: in har allura na iya cutarwa, komai ƙanƙantar haɗarin, mene ne hujjar maimaita wadda jiki bai buƙata ba?

Daga nan ƙungiyoyin likitoci suka shiga rubuta ƙa'idoji. Likitocin kyanwa na Amurka suka fitar da nasu a 1998, ƙungiyar asibitocin dabbobi ta ƙasar ta fitar da na karnuka a 2003. Ƙungiyar Likitocin Ƙananan Dabbobi ta Duniya, WSAVA, ta fitar da nata a 2007, ta sabunta su a 2010 da 2016 da 2024, kuma su ne likitocin ƙasashe da dama ke dubawa a yau. Saƙonsu kashi biyu ne. A yi wa kowace dabba alluran da suka zama dole. Kada a yi wa ko ɗaya fiye da abin da take buƙata.

Rigimar da aka yi a Turai da Amurka kusan duk a kan kashi na biyu ne. Mu a nan, matsalarmu tana kashi na farko. WSAVA da kanta ta taɓa ƙiyasta cewa ko a ƙasashe masu arziki, kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na karnuka da kyanwoyi ne kawai ke samun allura. To ina ga karen farauta a ƙauye, ko karen da ke bin garke, ko muzurun da ke kwana a kantin hatsi yana kama ɓera, wanda bai taɓa ganin likita ba tun da aka haife shi?

Kashi uku na allurai

Ƙa'idojin sun raba alluran gida uku. Akwai na dole, waɗanda ake son kowane kare da kowace kyanwa su samu, ko a ina suke, domin cututtukan suna kisa kuma sun bazu ko'ina. Ga kare guda uku ne: farbo, distemfa da ciwon hanta na adenobairos. Ga kyanwa ma uku: fanlukofeniya da ƙwayoyin mura biyu, hafis da kalisi. Duk ƙasar da ciwon haukan kare yake, kamar Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan, allurarsa ta shiga jerin dole ga kare da kyanwa baki ɗaya.

Akwai na zaɓi, waɗanda likita ke dubawa ya ga ko rayuwar wannan dabba ta sa tana buƙatarsu. Allurar tarin karnuka, alal misali, tana da amfani ga karen da ake kai wa gidan ajiya inda karnuka ke cunkushe, amma wanda ke zaune shi kaɗai a gida ba lalle ya buƙace ta ba. Allurar cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa a sassan Amurka da Turai, sai ga karen da ke zaune ko zai je inda cutar take. Sai kashi na uku, waɗanda ƙungiyar ta ce ba ta ga hujjar yin su ba, kamar allurar korona ta hanjin kare. Ganin sunan cuta a jikin kwalba bai isa dalilin biyan kuɗinta ba.

Cututtukan kare

Farbo sabuwar cuta ce idan aka kwatanta da sauran. A 1978 aka gano ta, cikin shekara biyu ta karaɗe duniya. Ɗan kwikwiyon da ke tsalle jiya, yau sai ya ƙi abinci, ya kwanta a lungu. Sai amai ya biyo baya, sai zawo mai jini da wani irin ƙarni da likitan dabbobi ke ganewa tun daga bakin ƙofa. Ƙwayar cutar tana cinye fatar cikin hanji, tana kuma taɓa ɓargo inda jiki ke ƙera dakarun jini. Babu maganin da ake sha ya kashe ta. Abin da likita ke yi shi ne ƙarin ruwa, da tsayar da amai, da tare wasu cututtukan da ke samun kafa, kwana da kwanaki, har jiki ya farfaɗo in da sauran kwana. Kuɗin wannan jinya ya ninka na allura sau da yawa. Ƙwayar tana kuma iya zama a ƙasar tsakar gida watanni, har ta kai shekara, takalmin baƙo ma yana iya shigo da ita. Shi ya sa wanda kwikwiyonsa ya mutu da farbo, ya yi maza ya sayo wani ya ajiye a wuri ɗaya, sau da yawa yakan binne na biyun ma. Ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, yana kashe ta a kan siminti da kwanon abinci in an fara wanke dattin, amma turɓaya ba ta wankuwa.

Distemfa 'yar uwar ƙyanda ce ta mutane, da bushiya ta shanu wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Wani Bafaranshe, Henri Carré, ya nuna a 1905 cewa ƙwayar bairos ke kawo ta, don haka a katin allura na ƙasashe masu amfani da Faransanci za ka ga sunansa a madadin sunan cutar. Tana farawa da zazzaɓi, kwantsa a ido, majina da tari. In ta hau ƙwaƙwalwa sai farfaɗiya da fizgar tsoka, wasu kuma tafin ƙafarsu ya yi tauri. Ba kare kaɗai take kamawa ba. A 1994 ta shiga dajin Serengeti na Tanzaniya ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, kuma masu bincike sun danganta ta da karnukan ƙauyukan da ke kewaye.

Ta uku, adenobairos, hanta take kamawa. Tsohuwar allurarta takan sa idon wasu karnuka ya yi shuɗi-shuɗi kamar an rufe shi da hazo, sai aka koma amfani da wata 'yar uwarta mai kama hanyar numfashi, wadda ke ba da kariya iri ɗaya ba tare da wannan illa ba.

Akwai kuma lefto, wadda ƙa'idojin 2024 suka ce a ɗauke ta a matsayin dole duk inda cutar ta zama ruwan dare kuma ake da allurar da ta dace. Bakteriya ce da ke cikin fitsarin ɓera, tana zama a ruwan kwata da kududdufin damina, tana lalata ƙoda da hanta, mutum ma yana kamuwa. Allurarta ba ta daɗewa kamar sauran: biyu a farko, mako 2 zuwa 4 tsakaninsu, sannan duk shekara. A Najeriya yawanci a haɗe ake samun waɗannan, a kwalbar da ake kira DHLPP.

Dakashi da makonnin haɗari

Tambayar da masu kare suka fi yi ita ce: "Likita, ba an yi masa ba wancan watan? Me ya sa za a sake?" Wasu na zaton dabarar cin kuɗi ce, wasu na zaton allurar farko rabi ce, ta biyu ke cika ta. Amsar tana cikin nonon uwa.

Ɗan kwikwiyo da ɗan kyanwa ba sa samun garkuwa mai yawa a cikin mahaifa. Kusan duka daga dakashi suke samu, wato nonon farko, kuma hanjinsu na iya tsotse sinadaran garkuwar ne a ranar farko kawai, daga nan ƙofa ta rufe. Abin da suka samu a ranar shi zai tsare su makonnin farko. Amma garkuwar aro ce, jikinsu ba ya ƙera sabuwa, kusan duk kwana 8 zuwa 10 rabinta ke tafiya.

Ga inda gizo ke saƙar. Allurar rigakafi irin wannan ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, aka shigar da ita domin jiki ya koyi yaƙarta. Garkuwar uwa ba ta bambance ta da cutar gaske, tana ganinta sai ta kashe ta kafin jikin ɗan ya koyi komai. Kamar tsohon mai gadi ne da ƙarfinsa ke raguwa kullum: akwai lokacin da zai kai, ba ya iya tare ɓarawo, amma har yanzu yana iya korar malamin da aka aiko ya koya wa yaran gida tsaron kansu. Waɗannan makonni su ne mafi haɗari a rayuwar ɗan kwikwiyo, kuma a cikinsu farbo ta fi yin ɓarna.

Ba a iya sanin ranar da garkuwar uwa za ta janye ta hanyar kallon dabba. A yawancinsu tsakanin mako 8 da 12 ne. Wanda bai sha dakashi sosai ba, tasa na iya ƙarewa tun kafin nan. Wanda uwarsa ke da garkuwa mai ƙarfi, ya kuma sha ya ƙoshi, tasa na iya wuce mako 12. 'Ya'yan ciki ɗaya ma sukan bambanta. Don haka ake farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 2 zuwa 4, har sai dabba ta kai mako 16 ko fiye. Ana jefa ƙugiya ne sau da yawa domin ɗaya ta kama, kuma wadda aka fi sa rai a kanta ita ce ta ƙarshe. Wanda ya yi biyu a mako 6 da mako 9 ya tsaya, mai yiwuwa ne karensa bai samu komai ba, alhali katinsa na nuna an yi.

Ko a mako 16 akan sami 'yan kaɗan da allurar ba ta kama ba. A da sai sun shekara ake sake yi musu, wato su yi watanni a buɗe ba a sani ba. Yanzu shawarar ita ce a ƙara ɗaya a wajen mako 26, wata 6 ke nan. Daga nan, alluran dole uku na kare ba sa buƙatar maimaici sai bayan shekara 3 ko fiye. Babban kare da aka tsinta ko aka saya ba a san tarihinsa ba, allura ɗaya ta masu rai kan wadatar da shi a kan waɗannan ukun, tunda garkuwar uwa ta daɗe da gushewa. Inda ake da kayan aiki, ana iya ɗibar jini a auna a ga ko garkuwar tana nan.

Kafin a kammala jerin, kada a bar ɗan kwikwiyo yana yawo a bola da bakin kasuwa inda karnukan da ba a sani ba ke bahaya. A kuma ba shi maganin tsutsar ciki, domin jikin da tsutsa ta cinye ba ya amsa allura yadda ya kamata.

Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce

A gidajenmu kyanwa ta fi kare kusanci da mutane. Tana shiga ɗaki, tana kwana a kan tabarma, yara na wasa da ita, amma da wuya ka ga an kai ta asibiti. Jadawalinta daidai yake da na kare: mako 6 zuwa 8, maimaici har mako 16, sannan wata 6.

Fanlukofeniya 'yar uwar farbo ce ta kusa, alamunsu ma sun yi kama, kuma tana iya share 'ya'yan kyanwa ciki guda cikin 'yan kwanaki. Allurarta tana da ƙarfi, tana daɗewa, duk shekara 3 ya isa. Amma ba a yi wa kyanwa mai ciki irin mai rai, ko jaririn da bai kai mako 4 ba, domin tana iya taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya, ɗan ya tashi yana tangaɗi har abada.

Alluran mura ba su kai wannan ƙarfi ba. Suna rage tsananin ciwo, atishawa da ciwon ido da gyambon baki, amma ba sa hana kamuwa gaba ɗaya. Kyanwar da hafis ta taɓa kamawa tana ɗauke da ita muddin rai, takan kuma tashi duk lokacin da kyanwar ta shiga wahala, kamar haihuwa ko sauya gida. Wadda ke zaune ita kaɗai a cikin gida, duk shekara 3 ya ishe ta. Wadda ke cuɗanya da wasu, duk shekara ya fi.

Sai lukimiyar kyanwa, wadda William Jarrett ya gano ƙwayarta a Glasgow a 1964. Ta yawu take yaɗuwa, wajen lasar juna da cin abinci a kwano ɗaya, tana karya garkuwar jiki, tana kawo ciwon daji. Ƙa'idojin 2024 sun sa allurarta cikin na dole ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya da manyan da ke fita waje, a wuraren da cutar take. Ana son a gwada jini tukuna, domin wadda ta riga ta kamu allurar ba za ta amfane ta ba.

Saboda ƙarin nan da aka gano a 1991, an daina son yi wa kyanwa allura tsakanin kafaɗu. An koma ƙasan ƙafa, inda in ƙari ya fito ana iya yanke ƙafar a ceci rai, abin da ba ya yiwuwa a doron baya. Likitoci na da ƙa'idar 3-2-1: kumburin wurin allura da ya kai wata 3 bai baje ba, ko ya wuce santimita 2, ko yana ƙara girma bayan wata 1, a kai a yanki kaɗan a duba.

Haukan kare: inda lissafi ya sauya

Sauran alluran da aka ambata a sama dabba suke tsarewa. Ta haukan kare yaran gida take tsarewa. Cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare suke ɗauka. Bayan cizo takan yi wata 2 zuwa 3 tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci shekara. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, kusan babu mai tashi. Tun ranar 6 ga Yulin 1885, da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allura bayan kare ya cije shi, aka san yadda ake tare ta. Ranar 28 ga Satumba da duniya ke tunawa da cutar ita ce ranar da Pasteur ya rasu.

Ana yi wa kare da kyanwa allurar a mako 12, a maimaita bayan shekara. Akwai alluran da aka yi wa rajistar shekara 3, amma abin da doka da takardar kamfani suka ce shi ake bi, kuma a ƙasashenmu duk shekara ake yi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana cikin masu yin allurar karnuka a Najeriya. A lura, allurar da aka yi domin kare kaɗai ba a yi wa kyanwa ita.

Tsare kare ɗaya bai isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki kafin cutar ta rasa hanyar wucewa daga wannan zuwa wancan. Kuma dole a riƙa maimaitawa duk shekara, domin karnukan da ke yawo ba sa daɗewa a duniya: waɗanda aka yi wa bara da yawa sun mutu, an haifi sababbi da ba a yi wa ba. Don haka a lokacin gangami ba a ware ko 'yan kwikwiyo. An gwada wannan a Njamena. A 2012 da 2013 hukumomin Chadi, tare da masu bincike daga Basel ta Suwizalan, suka bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta, suka wuce kashi 70 a shekarun biyu. Cutar ta ɗauke daga birnin na tsawon watanni, daga baya ta dawo ta hanyar karnukan da suka shigo daga waje. Gwajin da aka yi a birnin tun kafin nan ya nuna cewa in aka ce mai kare ya biya wani abu, masu kawowa kan ragu ƙwarai. Meziko kuwa ta dage shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da mutuwar mutane ta hanyar cizon kare. Burin da hukumomin duniya suka sa shi ne kowace ƙasa ta kai haka nan da 2030.

In kare ko kyanwa ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ƙona gashin karen a shafa, ko ɗaura sassaƙe, ɓata lokaci ne. In dabbar ta gida ce, a killace ta kwana 10 ana kallonta, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a ga likita.

Daga firij zuwa fata

Allura mai kyau na iya mutuwa kafin ta iso. Ana ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8, kada ta yi zafi, kada ta daskare. A garin da ake ɗauke wuta kwana biyu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mai kare yana da haƙƙin ya ga daga ina aka ɗauko ta. Wanda ya zaro kwalba daga aljihun riga da tsakar rana a watan Afrilu, ruwa kawai zai soka wa karenka.

Yawancin alluran haɗaka kwalba biyu ne ƙanana. Ɗaya na da busasshen gari a gindinta, shi ne ƙwayoyin masu rai. Ɗayar ruwa ce, a wasu ma ruwan shi ne allurar lefto. Likita zai zuƙi ruwan da sabon sirinji, ya zuba a ta garin, ya juya a hankali har ya narke, ya ɗaga fatar dabba ya soka a ƙarƙashinta. Da an haɗa, a yi amfani da ita cikin awa ɗaya. Kwalba ɗaya ta dabba ɗaya ce, ƙarami ne ko ƙato. Raba ta wa kwikwiyo biyu don a rage kuɗi, barin su biyun ne babu kariya. Bayan an gama, sai a ɓare takardar da ke manne a jikin kwalbar, mai ɗauke da lambar rukuni da ranar lalacewa, a liƙa a kati, likita ya sa hannu da kwanan wata. Mai sayen ɗan kwikwiyo da aka ce masa "an gama masa allura" ya nemi ganin wannan kati, ya lissafa makon da aka yi ta ƙarshe.

Ba a yi wa dabba mai zazzaɓi ko mai zawo allura, sai ta warke. Bayan allura, kasala ta kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi ba abin damuwa ba ne. Abin gaggawa shi ne kumburin fuska, amai, ko numfashi da ƙyar cikin mintuna ko awannin farko. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005, a kan karnuka fiye da miliyan 1.2, ya sami matsala a wajen 38 cikin kowane 10,000 a kwana 3 na farko, mafi yawa masu sauƙi. Ƙananan karnuka da waɗanda aka haɗa wa allurai da yawa a zama ɗaya su suka fi fuskantarta.

In kuɗi bai kai ba

"Likita, wannan ai karen gida ne, ba na Turawa ba. Ba ya ciwo." Mafarauta da makiyaya kan faɗi haka, kuma da 'yar gaskiya a ciki, tunda wasu irin na waje, kamar Rottweiler da Doberman, sun fi saurin faɗuwa ga farbo. Amma a tuna karya takan haifi shida ko bakwai, bayan 'yan watanni ka ga biyu na bin ta. Ƙarfin da ake yabo na waɗanda suka rage ne. A kan haukan kare kuwa, babu irin da ya fi wani.

Ƙa'idojin sun san ba kowa ke iya biyan allura huɗu ba. Shawararsu ga wanda ɗaya kawai zai iya ita ce ya yi ta a mako 16 ko bayansa, lokacin da ta fi yiwuwar kamawa, ya killace ɗan kwikwiyon kafin nan. Idan zaɓi ne tsakanin ta haɗaka da ta haukan kare, ta haukan kare ce gaba. Idan kuma mutum na da karnuka biyar, yi wa biyar ɗin ta dole sau ɗaya ya fi yi wa ɗaya duk shekara a bar huɗu. Ana samun alluran a asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, da asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ziyarar shekara-shekara ga likita tana nan da amfaninta ko da ba duk allurai za a maimaita ba: a duba haƙora da fata da nauyi, a yi ta haukan kare da ta lefto.

Abin da mai kare ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba shi ne kai unguwarsa ga karnuka 7 cikin 10. Wannan aikin mai unguwa ne da shugabannin mafarauta da ardo da ma'aikatar dabbobi, su tsayar da rana da wuri, a yi shela, kowa ya zo da nasa a ɗaure, a kuma dawo baɗi a sake. A babi na gaba za mu koma kan abin da allura ba ta tarewa: tsutsar ciki, ƙuma da kaska.